Kunnen Baba Boniface

"Kashe ta," in ji Baba Boniface. "Na ji abin da zan ji."

Dillalin ya kashe jar taraktar yana ɓata fuska. Jethro ma bai so ba, don tun da suka shigo filin gwanjon Kakuri idonsa ke kanta: fenti sabo fil, kujera ba ko yagewa. An sallame shi daga masaƙa, kuma ɗan abin da aka ba shi shi ne duk ƙarfinsa. In ya yi zaɓen banza, noman da yake shirin yi a Kamazou ya tashi, ga iyali.

Shi ya sa ya nemi shawarar maƙwabcinsa Baba Boniface, tsohon bakanike, wanda ya yi wata uku a kwance, idanu sun dushe. Matar tsohon, Philomena, ta hana shi fita, amma wa ya isa? Ya ce ba a duba inji daga kan gado.

"Kai ni wajen waccan da ke tari ɗazu," ya ce.

Wata 'yar ƙarama ce ruwan toka, tsatsa ta cinye mata goshi. Aka tayar. Tsohon ya kafa bakin sukurdireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Fuskarsa ta washe kamar an kawo masa gaisuwa daga gida.

"Wannan za ka saya."

"Baba, matata za ta ce na haukace."

"Bar ta ta ce. Waccan an ɗura mata mai mai kauri don ta yi shiru. Wannan tsufa kawai ke damunta, ba ciwo ba. Ni na san bambancin."

Jethro ya saya. Unguwarsu kuwa, Unguwar Boro, ta sami abin dariya, har aka raɗa wa taraktar suna Kaka.

Bayan kwana tara Baba Boniface ya rasu. Ranar da za a kai gawarsa garinsu a kudu, aka kwana ana ruwa, motar da ta ɗauki gawar ta kafe a taɓo tun ba ta bar layin ba. Maza suka tura har suka gaji. Philomena na zaune a gaba, ta ƙura wa hanya ido.

Jethro ya juya gida don ɗauko Kaka, tsoro fal ransa kada ta ba tsohon kunya a gaban mutane. Bugu ɗaya ta tashi. Ya zo ya ɗaura wa motar sarƙa, ya sa ƙaramin giya, ya ja a hankali har bakin kwalta. Babu wanda ya yi dariya.

Philomena ta leƙo ta taga. "Ita ce ya zaɓa?"

"Ita ce, Mama."

Ta gyaɗa kai, motar ta wuce. Jethro ya daɗe tsaye da sarƙar a hannu, ruwa na taruwa a sawun tayoyin.