Jar Fitila a Maɗaba'ar Alhaji Kyari

Maɗaba'ar Alhaji Kyari gida biyu ce. Ofishin zane yana Fagge, kusa da Titin Ibrahim Taiwo, injinan bugu kuma suna Sabon Gari a hannun Onyedika, wanda ya tsufa yana shaƙar tawadar Alhaji. Abin da ya haɗa gidajen biyu siririyar waya ce ta gilashi da aka rataya a kan turaku, haske na gudu a cikinta. Ni Abdulmuminu ni ke kula da ita.

Na'urar da ke karɓar saƙo a Sabon Gari ba ta da kara ko kaɗan. Hoto yakan zo mata ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ɗigo goma, wasu haske wasu duhu, ita kuma ta warware shi ya koma ɗigo takwas, yadda yake tun asali. Ta san ƙullin da ya halatta. In baƙon ƙulli ya shigo, ko haske ya rinjayi duhu fiye da ƙa'ida, sai ta kunna jar fitila ta ce a sake aikowa. Ni dai don wannan taurin kan nake sonta.

Makon da soja za su miƙa mulki, aiki ya yi mana rubdugu, kowane zaɓaɓɓe yana son fuskarsa a bango kafin Asabar. Mafi tsoka shi ne na wani sabon ɗan majalisa. Ana cikin haka jar fitila ta fara ƙiftawa ba ji ba gani, hoto guda sai ya cinye rabin wuni yana kai da komo.

Manajanmu Malam Goni ya taɓa aiki a ofishin wani kantoman soja, kuma can ya koyo cewa ba a kai wa oga mummunan labari. In manya za su zo, a shafa wa duwatsu farar ƙasa, a kulle ɗakin da ke yoyo. Da ya ji Alhaji zai kawo ɗan majalisa ya ga injina, sai ya tuna akwai wani maɓalli a bayan na'urar, na gwaji, wanda ke sa ta haɗiye duk abin da aka ba ta. Ya ce in danna. Na ce ba da hannuna ba, a ba ni lokaci in bi wayar in gano inda ta samu rauni.

Onyedika ma ya sa baki. "Malam Goni, fitilar nan gaskiya take faɗa mana. In ka rufe mata baki, ɓarnar a farantin bugu za ta fito."

Goni ya ce masa bugu aka ɗauke shi yi, ba wa'azi ba. Ina fita ya danna abinsa, fitila ta koma koriya, Alhaji da baƙonsa suka zo suka yaba. Aka fitar da hoton a jikin farantan bugu duka ba tare da gwaji ba, wai babu lokaci. Da aka ɗora su a inji, fuskar ɗan majalisa ta fito a tsattsage kamar tsohuwar tabarma, idonsa guda ya sauko kumatu. Wasu farantan kuwa sai Litinin daga Legas. Mutumin ya kwashe aikinsa ya kai wani wuri.

Alhaji ya tambayi laifin wa. Goni ya ce ai kowa ya ga fitila koriya, saboda haka saƙo ya iso lafiya, matsalar daga hannun mai inji ce. Kafin la'asar an karɓe makullan Onyedika.

Ni kuwa ina can ina bin turaku cikin rana har na zo inda wayar ta tsallaka titi. Wani ƙaton ƙyalle na gani an ɗaure a jikinta, nauyinsa ya tanƙwara ta, iska na fizgarsa. A jiki an rubuta cewa Maɗaba'ar Alhaji Kyari na taya farar hula murna. Goni ne ya sa aka rataya shi. Na hau tsani, na yanke igiyoyin, na koma na mayar da maɓallin. Jar fitila ba ta sake ko motsi ba.

Na kai wa Alhaji ƙyallen a naɗe, na zayyana masa komai. Ya saurara, ya ce in bar maganar har a gama biki. Goni ƙanin matarsa ne, na kuma san irin wannan bikin ba ya ƙarewa.

Da safiyar Asabar na je gidan Onyedika. Matarsa Nneka ta ba ni kujera. Shi kuwa bai tambaye ni ko za a mayar da shi ba.

"Fitilar fa?" ya ce.

"Koriya."

"Ta gaskiya?"

Na ce ta gaskiya. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kankare tawadar da ta maƙale masa a farce.

A hanyar komawa Fagge, ana ta kaɗe-kaɗe, motoci na danna hon, na ɗaga kai a bakin titi. An sake rataya ƙyallen a kan wayar.