Duna da Maganin Ƙwannafi

Tela ya daɗe yana fama da ƙwannafi, shi ya sa ba ya rabuwa da ƙwayoyin nan masu zaƙi da ake taunawa. Ran nan ya raka wani da ya kawo ɗinki bakin titi, ya bar kwalin a kan keken ɗinki. Da ya dawo sai ya tarar da karensa Duna yana lasar baki, kwali a yage a ƙasa, ko ƙwaya ɗaya babu.

Hankalinsa ya tashi. Maƙwabcinsa mai gyaran babur ya leƙo, ya ce ai abu mai sauƙi ne, a ɗura masa ruwan gishiri ya amayar. Matar Tela ta ce a kira likitan dabbobi tukuna, shi kuma Tela ya ce kafin a samu likita ai mai aukuwa ta auku. Ya matse Duna tsakanin gwiwoyinsa, ya buɗe masa baki da ƙarfin tsiya, ya ɗura. Karen yana kuka ƙasa-ƙasa yana kallonsa, amma ko yunƙurin cizo bai yi ba.

Ya yi aman kuwa. Sai dai kafin yamma ya fara tangaɗi, jikinsa na ɓari. Suka kwashe shi sai asibitin dabbobi, matar na riƙe da yagaggen kwalin.

Likitar ta karanta abin da ke jikin kwalin, ta ɗora Duna a ma'auni, ta tambayi ƙwaya nawa suka rage a ciki kafin ya cinye.

"Wannan irin, yawanci iyakarsa ɓacin ciki," in ji ta. "Akwai masu wani sinadarin zaƙi da ke illata kare, shi ya sa muke so a kira mu a karanta mana kwalin. Gishirin ne ya kusa kashe shi, Baba."

Garin gyaran gira Tela ya kusa rasa ido.

Aka yi wa Duna ƙarin ruwa, ya yi 'yan kwanaki a can, ya warware. Amma tun dawowarsa, da ya ga Tela riƙe da kofi sai ya sulale bayan matar. Ta ce ya ƙyale shi, zai manta. Tela bai musa ba. Kullum yakan ajiye masa ƙashi a ƙofar shago, ya koma ciki ya juya baya, don ya lura sai ba ya kallo Duna ke zuwa ɗauka.