Ƙarfen da Ba a Yi wa Fenti

Watana biyu da 'yan kwanaki a wurin gyaran jiragen ruwa da ke Jaddaf aka ba ni jirgi guda in yi masa fenti ni kaɗai. A 2012 ne, tsakiyar zafi. Ina cikin watannin gwaji, kuma mudir, shugaban wurin, ya faɗa tun ranar farko cewa duk wanda ya ɓata aikin mai jirgi kafin ya cika wata uku, za a soke bizarsa ya koma gida. Ni kuwa mahaifiyata ta riga ta gaya wa duk layinmu a Zongon Kumasi cewa Mukaila ya samu aiki a Dubai.

Fenti dai sana'ata ce. A gida ɗakuna nake yi wa, kuma maigidan da ya koya mini ba ya yafe ko ɗigon wurin da burushi bai taɓa ba.

Jirgin na ƙarfe ne, ƙarami, yana kai wa manyan jirage kaya a tashar Jebel Ali. An ɗora shi a tudu, za a mayar da shi ruwa bayan la'asar. Na shafe ƙasansa da jan fentin nan mai hana ƙwarin teku maƙalewa. Can wajen farfela na tarar da wasu dunƙulen ƙarfe masu ruwan toka, guda takwas, kowanne kamar sabulun wanki, an liƙe su a jikin jirgin. Tausayinsu ya kama ni. Na ce waɗannan in suka shiga ruwan gishiri haka tsirara ai ba za su kai Sallah ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, shafi biyu-biyu, har ina jin daɗi.

Da aka tashi hutun rana sai Baba Labaran mai walda ya biyo da kwanon abincinsa. Mutumin Kano ne, shekararsa goma sha ɗaya a wurin, kuma a bakinsa kaɗai nake jin Hausa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Ɗan Gwanja, wa ya sa wa ragunana lalle?"

"Waɗanne raguna, Baba?"

Ya ajiye kwanon. Ya ƙwanƙwasa ɗaya daga cikin ƙarafan da ɗan yatsa.

"Wannan tutiya ce, nan suna ce mata zinki. Ku ban san me kuke kiranta ba, ku da mace da namiji duk 'shi' ne a Hausarku. Saurara. Ruwan gishiri mayunwaci ne. In ya samu tagullar farfela da ƙarfen jirgi a haɗe, sai wata 'yar wuta irin ta batir ta riƙa bi ta tsakaninsu, ƙarfe ya yi ta zagwanyewa. To ita tutiya ta fi su daɗin ci. Muddin tana buɗe, ita ruwa zai ci ya ƙyale su. Ragon fansa ke nan. Kai kuma ka sa mata riga. Ruwa ba zai gan ta ba, sai ya koma kan jirgin mutane."

Na ce, "Baba, wallahi kyautata musu na yi nufi."

"Na sani. Ɗauko burushin waya da samfefa."

Bai ci abincin nan ba. Muka durƙusa a inuwar jirgin muna kankarewa, gumi yana shiga mana ido. Fentin ya kama sosai, don da hannun kirki na yi shi. Baba ya ce da ma ni malalaci ne da tuni mun gama.

Mun kankare shida, saura biyu jajur, sai ga mudir da ƙarfe uku. Ya duba, ya tambaya cikin Larabcinsa mai gauraye da Turanci wa ya yi wannan aika-aika. Na buɗe baki, Baba ya taka mini ƙafa.

"Ni na liƙa su jiya, mudir, ban rufe su da salatif ba kamar yadda aka saba."

Mudir ya yi masa faɗa a gaban kowa, har da Indiyawan da Baba ya koya wa aiki. Ya ce tsufa ya fara cin kansa. Ya ce hutun Juma'ar Baba na makon nan ya tafi, sai ya zo aiki. Sannan ya ce, "Khalas, yalla, ku gama," ya wuce bai ko dube ni ba.

Da jirgin ya sauka ruwa na samu Baba yana wanke hannu. Na ce, "Me ya sa, Baba?"

"Gaskiya na faɗa, ban sa salatif ba." Ya yarfe hannunsa. "Kuma ni in an gutsure ni akwai saura. Kai fa?"

Na rasa Hausar da zan yi masa godiya da ita, sai "medase" irin ta Kumasi ta fito mini. Ya ce in fassara masa da shinkafa. Ranar Juma'a na dafa shinkafa da wake irin namu, na biyo motar farko daga masaukina a Al Nahda, na riƙe masa ƙarfe har lokacin masallaci. Ya ce yaji ya yi yawa, ya cinye tas.

Bayan wata tara aka sake fito da jirgin. Ina nan, an daɗe da tabbatar da ni. Farfelar sumul, ko ɗan rami babu. Tutiyoyin kuwa kamar burodin da ɓera ya kwana a kai. Baba ya cire su, ya liƙa sababbi, na roƙe shi ɗaya daga cikin tsofaffin ya ba ni yana dariya. Tana nan a akwatina, na naɗe ta da hankici.

Kafin ya tattara kayansa na riga na ɗauko salatif. Na rufe sababbin guda takwas, sannan na buɗe gwangwanin fenti.