Hannun Dallatu

Ni da Dallatu rana ɗaya aka yi mana kaciya, kuma bayan shekara arba'in da wani abu, wata bakwai ne kacal tsakanin rasa hannuna da rasa nasa. Nawa injin sussukar gero ne ya ci, hannun riga ya kama, kafin a kashe shi aikin gama ya gama. Nasa mota ce ta kife da su a hanyar dawowa daga Dawanau, inda yake dako. Duka na dama, duka ƙasa da gwiwar hannu. Mutanen ƙauyenmu, nan gabas da Tsanyawa, da ba su da aiki sai tsokana, suka raɗa mana suna Mutum Ɗaya, wai sai an haɗa mu ake samun hannu biyu.

Kuma ba ƙarya suka yi ba. A shekarun nan da taki ya gagari talaka, 'yan ƙwadago suka fi ƙarfinmu, tare muke komai. Ya riƙe bakin buhu in zuba. In mun zo ɗaure damin gero ya danne igiya da hagunsa, ni in ja da nawa. Yau gonata, gobe tasa.

Abu ɗaya ne ba ma yi tare, shi ne cin tuwo. A unguwarmu in an idar da sallar magariba, magidanta kowa yakan fito da kwanonsa ƙofar gidan Malam Kassimu a haɗa a ci. Tun da na rasa hannun dama ban ƙara zama a wurin ba. Ba wanda ya hana ni, Liman ma ya ce lalura ce, babu laifi. Amma hannun da nake tsarki da shi zan tsoma a kwanon da mutum shida ke ci? Matata Luba ke kai min nawa ɗaki, in juya wa ƙofa baya in ci. Na san Dallatu ma haka yake yi a gidansa, sai dai ba mu taɓa yin zancen ba.

Ana gab da faɗuwar damina aka yi shela cewa wata ƙungiya za ta zo daga Kano, masu yi wa irinmu hannun roba. Suka kafa tebur a gindin durumin ƙofar gidan dagaci, gari kuwa ya fito kallo kamar ana rabon taki. Mai tambayar wata yarinya ce sa'ar 'yata, sunanta Sakinatu. Tun farko ta faɗa mana hannayen ba su da yawa, waɗanda suka fi buƙata za a fara ba.

Ni aka fara kira.

“Baba Muntaka, yaya kake fama tun da abin ya faru?”

“Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi.”

“Kana iya cin abinci da kanka?”

“Ƙwarai kuwa.”

“Sa kaya fa? Noma?”

“Muna taɓawa, 'yata. Ba abin da ya gagara.”

Ta ajiye biro ta dube ni. “Baba, ba gaisawa muke yi ba fa. Fom nake cikewa, abin da ka faɗa shi zan rubuta.”

Na ɗaga kai. Ga dagaci, ga surukina Sama'ilu, uban mijin 'yata, ga mata sun leƙo ta saman danga. Me zan ce? In ce Luba ce ke ɗaure min mazagin wando kullum safiya? Mu tun muna yara, ko mutum na kan gargara aka tambaye shi jiki cewa yake da sauƙi. Na ce mata, “Mun gode Allah.” Ta girgiza kai ta ja biro.

Sai Dallatu. Shi shekara goma sha yana cuɗanya da mutanen birni, ya san yadda ake magana da masu takarda. Wallahi bai rage komai ba. Ya faɗi na mazagi, ya faɗi na alwala, ya faɗi na cin tuwo shi kaɗai, har muryarsa tana rawa a gaban yarinya. Ni na dinga jin kunyar a madadinsa, na kafa ido a ƙasa.

A hanyar gida na ce masa, “Yau ka zubar mana da mutunci.”

Ya ce, “Tambayata aka yi, Muntaka.”

Bayan wata biyu aka kira shi Kano. Ni ba a kira ni ba.

Ranar kasuwar Tsanyawa ya sauko daga bas da abin a jikinsa. Wani bututun roba ne dungun ke shiga, da maɗauri da ya zagaya ta kafaɗar hagu, da siririyar waya kamar ta birkin keke. In ya turo kafaɗa gaba, sai ƙugiyar ƙarfen da ke baki ta buɗe, in ya saki ta damƙe. Har kai biyu aka ba shi, ƙugiya ta aiki da tafin hannu mai yatsu biyar na fita unguwa. Ya ɗauki allura a gaban jama'a, aka yi ta kabbara. Ni ma na ce masha Allah, amma daga leɓe ta fito.

Ba zan ɓoye ba, hassada na yi, irin wadda ke hana mutum jin daɗin ruwan sha. Ran Juma'a in aka sallame, mutane har layi suke yi su gaisa da hannun, ni kuwa in miƙa hagu a karɓa a saki. Da kaka ta zo na hange shi a gonarsa yana ɗaure dami shi kaɗai, ƙugiya ta danne, hagu ta ja. Washegari ya zo tawa gonar kamar yadda muka saba. Sai dai a da haɗa hannu muke yi, yanzu kuwa taimakona ya zo yi, kuma duk wanda ya wuce ya gani. Na ce masa ya tafi, na iya. Ya juya ya tafi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙofar gidan Malam Kassimu. Dallatu ya koma zama, yana damƙe cokali da ƙugiyar. Ranar farko miyar kuka ta zube masa a riga, suka yi dariya, shi ma ya yi. Ɗakina yana jikin dangar gidan, duk na ji, na ture kwanona gefe.

Daga nan na saki baki. Robar ta fi fatarsa haske, na ce hannun Balarabe aka liƙa wa ɗan dako. A majalisa, a bakin masallaci, a rumfar mai shayi, ba inda ban faɗa ba cewa da kuka ya saye shi. Na raɗa masa suna Mai Kukan Durumi, yara suka ɗauka. Na rantse a gaban mutane cewa gara a binne ni da dungu da in zauna ina lissafa wa yarinya tsiraicina. Wata rana wayar hannun ta tsinke, na yini ina fara'a har Luba ta tambaye ni ko albishir aka yi min. Kafin la'asar mai gyaran keke ya sa masa wata.

Luba ta ce, “Malam, hassada ce ke cin ka.”

Na ce, “Ita ce. Sai me?”

“Sai ka ci gaba da ci a ɗaki.”

Shekara ta zagayo, aka sake shela cewa masu hannu za su dawo. Kwana uku Luba tana yi min bita kamar ɗan makaranta. Ta zauna a kan turmi ta ce ita ce Sakinatu, ta tambaya in amsa. A tsakar gida ba abin da ban iya faɗa ba.

Amma durumin nan shi ne dai, mutanen nan su ne dai, kuma yanzu kowannensu ya ji rantsuwata da kunnensa. Ga Dallatu zaune a kan benci kusa da tebur, an kira shi a duba lafiyar hannunsa.

Sakinatu ta gane ni. “Baba Muntaka, bana yaya ake ciki?”

Na buɗe baki, duk abin da Luba ta koya min ya gudu. Na ji kaina ina cewa, “Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi.”

Ta ɗan jira. Sannan ta sunkuya za ta rubuta.

“Malama, dakata,” in ji Dallatu. Bai dube ni ba. “Bara geronsa kwana goma sha ya yi a ƙasa ba ɗauri, har gara ta shiga. Da haƙori yake jan igiya, ki ce ya buɗe baki ki ga giɓin. Shekara huɗu ke nan yana cin tuwo shi kaɗai, fuskarsa a bango. Na sani, don ni ma na yi.”

Da a ce ina da hannun dama a lokacin, da na mare shi da shi.

Sakinatu ta ce, “Ba zan rubuta maganar wani a fom ɗinka ba, Baba. Daga bakinka nake so. Gaskiya ya faɗa?”

Na dubi Sama'ilu, ya kafa ido a ƙasa, daidai yadda na yi bara. Na dubi ƙugiyar nan kwance a kan gwiwar Dallatu, ya goge ta da mai tana sheƙi. Ina so in ce don geron na amsa, ko don Luba da ta gaji. Ba haka ba ne. Ba zan iya ƙara shekara guda ina ganin abin nan a jikinsa ni babu ba.

Na ce, “Gaskiya ne.”

“Har da sa kaya?”

“Har da shi. Matata ke ɗaure min wando.”

Wani ya yi tari a baya, wani ya ƙyalƙyale aka kwaɓe shi. Sakinatu ta ɗauko abin awo ta zagaya dungun. Kafin in isa gida sunan da na raɗa wa Dallatu ya bar kansa ya dawo kaina, kuma har yau da shi ake kirana.

Bayan wata uku nawa ya iso. Sati biyu ina koyon cokali a ɗaki kafin in yarda in fita. Ranar da na fita da kwanona, aka yi ta sannu da zuwa ana matsawa, kuma kamar da gangan, gurbin da ya rage a tabarma kusa da Dallatu ne. Ban yi masa magana ba tun ranar durumi. Na damƙi cokali, na ɗebo, ya karkace, tuwon ya faɗo min a cinya.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar zafi. Dallatu ya miƙo hagunsa ya juya min ƙugiyar kaɗan, ya gyara zaman cokalin, ya koma kan kwano. Na sake ɗebowa, loma ta isa baki. Shekara huɗu rabona da cin tuwo ina kallon fuskar mutane, idona ya ciko, na ce yaji ne ya yi yawa.

Har yanzu ban gode masa ba. Kuma ina zaune a wurin na lura, tasa ƙugiyar ta fi tawa buɗewa.