Fam Ɗin Zinaren da Tasnim Ta Gani a Fesbuk

Tasnim, mai ɗinki a garin Bahri, ta ga hoton wani tsohon fam na zinare a Fesbuk, wai bugun Umdurman ne tun zamanin Mahadi. Ta daɗe tana neman irinsa. Nan da nan ta nuna wa yayanta Salahuddin.

"Tagulla ce aka wanke da ruwan zinare," in ji shi. "Ko mai shi ba ki sani ba."

Sai ta rubuta wa mai sayarwar, wani Mika'ilu, cewa ta amince da farashin, amma su haɗu a shagon maƙerin zinare a Kasuwar Umdurman. Nan take mai sayarwar ya yarda, Salahuddin ya raka ta.

Ashe Mika'ilu dattijo ne, ya sauko daga raksha, wato keke mai ƙafa uku, da fam ɗin ƙulle a hankici. Maƙerin ya auna, ya goga a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji. Launin bai gushe ba. Sai ya matso ya yi wa Mika'ilu tayin da ya fi nata.

"Ma'alesh, yi haƙuri, na riga na sallama mata," in ji dattijon. "Karɓi, 'yata."

Tasnim ta damƙe fam ɗin tana dariya. "Yaya, kira mai shayi, yau ni zan saya wa kowa."