Makirufo Mai Jin Tarin Inna

Tarin ya turnuƙe Inna daidai lokacin da mai shago ya ajiye makirufo biyu a kan kanta. Ta toshe baki da gefen mayafi, ta lallaɓa ta zauna a benci, tana kallon Auta yana jujjuya su kamar mai zaɓen zobe. Asibiti suka nufa, ya ce ta ɗan jira, yanzu zai fito.

Shirin murya yake son farawa a gida, irin wanda ake saurare a waya, kuma abin hannunsa bai taka kara ya karya ba. Mai shago ya ce baƙin nan mai araha bakin da ke kusa da shi kaɗai yake ji, ko gini ake rushewa a waje babu ruwansa. Mai ruwan azurfar kuwa ko allura ce ta faɗi sai ya kama, amma yana son ɗan akwatin da ake jona shi, yana kuma son ɗaki shiru.

"Auta, gidanmu ba shiru," in ji Inna. "Ɗauki kurman."

Ya yi dariya, ya ce ta tsaya a kan keken ɗinkinta, nan ba fagenta ba ne. In aka ga hotonsa da baƙin, ai sai a ɗauka mai tallan magani ne a tasha. Ya ɗauki mai azurfar, da akwatin, da abin sawa a kunne, da sandar kafawa. Ko da suka fito aljihu ya yi fayau, zuwa asibiti ya koma sai wani satin.

* * *

Makirufon bai yi ƙarya ba. Ya ji fanka, ya ji famfon maƙwabta, ya ji cokalin matar Auta a cikin kofi. Auta ya bi ɗakunan gidan yana tafa hannu yana kasa kunne, sai ya tarar na Inna, can ƙurya, ya fi kowanne shiru. Aka mayar da ita ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin, inda hayaƙi ke kwana, wai na ɗan lokaci. Ya manne bangon ɗakinta da kwalayen ƙwai, ya ari bargonta mai kauri ya toshe taga. Keken ɗinki ma aka lulluɓe shi, don ƙararsa na ratsa bango.

Tun tana yarinya take jin ana cewa wadda ta haifi namiji ba ta wulaƙanta da tsufa. To, ba wanda ya wulaƙanta ta. Komai da ladabi aka yi shi, har da durƙuso.

Durƙuson ya sake yi ran da ya zo da abin kunne rataye a wuya.

"Inna, don Allah in kin ji na rufe ƙofa ki ɗan daure. Sai na yi nisa, sai tarinki ya shigo, in koma farko."

"Ni na kira shi, ɗan nan?"

"Na sani. Shirin na karɓuwa, babban likita zan kai ki."

Ta so ta ce ƙaramin ma ya ishe ta. Sai ta ga yadda idanunsa suka faɗa, ta ce Allah ya yi albarka.

* * *

Ranar da shirin ya fita, surukarta ta kawo mata waya har shimfiɗa. A kan haƙƙin iyaye ne. Muryar Auta ta fito sumul, yana ba da labarin uwar da ta raine shi da keken ɗinki, yana cewa duk wanda tasa ke raye ya riƙe ta da kyau. Surukar ta ce mutane sai sa masa albarka suke yi, wasu har da kuka.

Inna ba maganar take bi ba. Bayan maganar ta kasa wa kunne, ko za ta tsinci kanta a wani lungu, ko da gyaran murya ne. Babu.

"Kin ji yadda ya fita tas?" in ji surukar.

"Na ji."

Can ƙurya aka rufe ƙofa, za a ɗauki kashi na biyu. Surukar ta cire takalmi ta fita da sanɗa. Inna ta ji abin yana taso mata daga ƙirji, ta jawo filo ta danna fuskarta a ciki, kafaɗunta suna girgiza. Da ya lafa ta ɗago, ta ga ɗan jan tabo a jikin rigar filon. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya filon a hankali, yadda ko makirufon ba zai ji ba.