Kofin da Ake Kifewa

Kulochin babbar mota ne ya cinye wa Baba gwiwar hagu, shekara da shekaru yana taka shi har ƙashi ya koma gugar ƙashi. Likita ya ce za a sa masa gwiwar ƙarfe, amma sai cinyar ta yi ƙwari, don ƙarfe ba ya tafiya da kansa, tsoka ce ke ɗaukarsa. Ya haɗa Auta, 'yar Baba, da gwangwanin garin furotin mai amino asid a ciki, ya ce ta riƙa dama masa safe da yamma, kafin tiyata da bayanta, ban da fashi.

Auta ba ta yi fashi ba. Tun rasuwar Inna, Baba ne kaɗai ya rage mata, kuma ta ƙudura a ranta sai ta sake jin takunsa a tsakar gida. Takan dama a kofin tangaran, ta kai masa bakin gado, ya yatsine fuska ya ce alli ne aka shafa wa turare. Ta yi dariya ta fita. In ta dawo, kofi babu ko ɗigo.

Ranar awo, mai motsa masa jiki ta zagaya tef a cinyarsa, ta sake zagayawa. Cinyar ramewa take yi. Likita ya ce in haka ta ci gaba sai a ɗaga aikin, don da wannan ƙafar, ko an yi, da wuya ya tashi daga gado. Ya tambaya ko yana sha kuwa. Auta ta rantse. Baba ya zuba wa silin ido.

A hanyar gida ne wani abu ya faɗo wa Auta a rai. Ba a bakin gado take ɗaukar kofin ba. A kan keken ɗinkin Inna take samunsa, can jikin taga, a kife. Ba ta taɓa lura ba, domin tun tana ƙarama a nan take kwashe kofuna, a kife: Inna ba ta gama sha ta bar kofi a buɗe, wai saboda ƙuda. Baba kuwa ba ya kaiwa tagar nan sai da ƙarfen dogarawa, wanda ƙararsa har kicin ake ji.

Da la'asar ta kai masa, ta fita, ta laɓe a bayan ƙofa. Ta ga ya sha rabi, ya goge baki, ya ɗora kofin a kan kujerar da ke ɗaya gefen gadon, gefen da babu kowa.

"Ga naki, mutuniyar," ya ce a hankali.

Sai ta tuna. Tun aurensu da Inna bai taɓa shanye abu shi kaɗai ba. Ko doguwar tafiya ya yi, da rabin kwalbar lemo yake dawowa, ta yi ɗumi a mota, Inna tana tsiya tana sha. Hawaye ya cika wa Auta ido, ta sa gefen mayafi ta share. Da ta buɗe ido, babu komai a kan kujerar. Daga wajen taga ta ji ƙarar tangaran a kan katako, siririya. Labule bai motsa ba. Ɗakin ya ɗauki ƙanshin man keke.

Ta shiga ɗakin.

"Baba, ashe rabi kake sha."

"To ni kaɗai zan sha tana kallo?" Ya dube ta kamar ta yi tambayar ƙuruciya.

Ba ta tambayi wa ke kallo ba. Washegari ta damo kofi biyu, ta miƙa masa ɗaya, ta ajiye ɗaya a kan kujerar ba tare da ta kalli wajen ba. Ya shanye nasa tas, yana tsokanarta wai ta yi shirin sabon gwangwani, mutuniyar ba ta raina abin sha. Kullum kofinsa na bakin gado, ɗayan na kan keke a kife. Auta takan ɗauke shi da addu'a a bakinta, ta rasa ko tsoro take ji ko kewa.

Cinya ta ciko, aka yi aiki. A asibiti kofi na biyu yakan wuni a cike. Baba ya ce dama mutuniyar ba ta son warin asibiti. Ya dinga cije leɓe yana motsa ƙafa, yana azalzalar a sallame shi.

Ranar da ya fara taka tsakar ɗakinsa da sanda kawai, ya ce Auta ta ba shi kofi na biyun. Da kansa ya kai shi kan keke, yana ɗingishi, bai zubar ba. Suka zauna suna jira har rana ta sauka daga taga. Kofin yana nan a cike, ya yi sanyi. Auta ta shaƙi iska tana neman ƙanshin nan, babu.

"Ta ga na tsaya da ƙafata," in ji Baba.

Ya ɗauki kofin da hannu biyu, ya shanye shi duka, ya kife.